Haƙƙin Manomi da Mai Ganye a Kan Masanan Magungunan Ƙwaƙwalwa

Jama'a masu sauraro, musamman 'yan'uwanmu na Funtuwa da Malumfashi, da Bakori da Danja da Ƙafur, da Dandume da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara, da duk wanda wannan murya ta riska, ko a gona yake, ko a rumfar kasuwa, ko a zaure.

Sharhinmu na yau zai taɓo wani fanni na ilmi wanda duk mai jin sunansa da fari zai zaci babu abin da ya haɗa shi da mai garma ko mai tsinkar auduga, watau ilmin da ke binciken yadda magunguna da dafi suke aiki a cikin ƙwaƙwalwar ɗan Adam da jijiyoyinsa. Alhali kuwa idan aka natsu aka duba, za a tarar mu ne a sahun gaba na masu bukatarsa, domin a gonakinmu ake fesa maganin ƙwari a auduga da wake da tumatir, garuruwanmu ne sanƙarau kan ratsa idan bazara ta tsananta, a gidajenmu ake ɓoye yaron da farfaɗiya ke kayarwa, kuma a cikin 'yan ƙwadagonmu ne ƙwayar ƙarin ƙarfi ta sami gindin zama.

Mas'alar da nake son mu yi nazari a kanta ita ce ta ma'auni, watau da me ake auna amfanin malamin da ya ƙarar da rayuwarsa a wannan fanni. A jami'o'in zamani al'ada ta gudana a kan ƙirga maƙalolin da mutum ya buga, da yawan malaman da suka ambace shi a nasu rubutun, da yawan ƙasashen da yake da abokan bincike a cikinsu. Ni kuwa ba na raina wannan ƙidaya, domin mu da muka tashi a gaban malaman zaure mun san darajar isnadi, mun san cewa ilmin da ba a san daga wa aka karɓo shi ba, ba a kuma san wanda ya inganta shi ba, ba abin dogaro ba ne. Sai dai isnadin wannan fanni yana da baki biyu waɗanda ƙidayar jami'a takan manta da su: a farkonsa akwai mai ganye da manomi da majinyaci, waɗanda daga gare su aka karɓi labarin tsiro, aka kuma ɗebi jininsu aka auna, a ƙarshensa ma su ɗin ne dai, suna jiran a komo musu da abin da aka gano. Malamin da ya kiyaye waɗannan baki biyu, shi ne ya sauke amana.

Bari mu fara da asalin abin. Masana sun tabbatar cewa jijiyoyin da ke ɗauko umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi ba a manne suke da juna ba, akwai 'yar tazara a tsakaninsu wadda ido ba ya iya gani; idan saƙo ya iso bakin wannan tazara, sai jijiyar farko ta saki wani sinadari, shi kuwa ya ƙetare kamar ɗan aiken da ke haye rafi tsakanin unguwa biyu, ya isar da saƙon, sannan nan take wani sinadarin dabam ya kawar da shi, don kada ya tsaya yana nanata abin da ya riga ya faɗa. Wani malami mai suna Otto Loewi, a ƙasar Ostiriya, shi ne ya kafa hujjar haka a shekarar 1921 da gwajin da ya yi da zukatan kwaɗi biyu, sinadarin kuwa shi ne wanda ake kira asetilkolin, kuma a kan wannan aiki ne aka ba shi lambar Nobel a 1936 tare da Henry Dale na Ingila. Abin da ba kasafai ake faɗa wa yaranmu ba shi ne, ƙasarmu Nijeriya tana cikin wannan isnadi tun daga tushensa, domin akwai wani wake mai dafi a ƙasar Kalaba, wanda a da mutanen can suke shayar da wanda ake tuhuma da maita, da aka kai shi birnin Edinbara a tsakiyar ƙarni na 19, aka ciro sinadarinsa, daga baya aka gane cewa aikinsa shi ne daƙile wancan mai kawar da ɗan aiken. Da taimakonsa ne masana suka iya riƙe asetilkolin har suka gane shi, kuma a Edinbara ɗin ne Thomas Fraser ya nuna, wajen 1870, cewa maganin da ake kira atirofin yana karya dafin wannan wake.

To, jama'a, wannan tsohon tarihi shi ne bayanin abin da ke faruwa a gonarka a yau. Da yawa daga cikin magungunan feshin da suka yawaita a hannunmu tun zamanin Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka kafa a 1975 da tallafin Bankin Duniya, har zuwa fiya-fiyar da ake zubawa a buhun wake, aikinsu a jikin ƙwaro da jikin mutum irin aikin waken Kalaba ne. Idan manomi ya goya injin feshi da tsakar rana, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, iska tana maido masa da feshin, ko kuwa ya busa bakin injin da bakinsa saboda ya toshe, sai dafin ya shiga ta fata da huhu, asetilkolin ya taru ba mai kawar da shi. Daga nan sai yawu ya riƙa dalala, gumi ya keto, ƙwayar ido ta tsuke, nama ya riƙa rawa, amai da zawo su biyo baya, in abin ya yi tsanani numfashi ya gagara. Manja da madarar da aka saba ɗura wa irin wannan majinyaci ba su karya dafin, sai dai su cinye lokacin da ya kamata a ce an tuɓe masa tufafi, an wanke jikinsa da ruwa da sabulu, an garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin don likita ya gani. A can ne za a yi masa allurar atirofin ɗin nan da aka san amfaninta fiye da shekara 150. Irin wannan sinadari kuwa yana cikin zaƙami, wanda wasu matasa ke jiƙawa su sha su fita hayyacinsu, wanda ke nuna cewa sau da yawa abin da ya raba magani da dafi shi ne ma'auni, ma'aunin kuwa ba ya samuwa sai da tahƙiƙi.

Daga cikin malaman da suka yi wannan tahƙiƙi a maƙwabtanmu, Zariya, akwai Farfesa Charles Wambebe, wanda ya sami digirinsa na uku a wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979. Abin da ya sa a gaba a wancan lokaci shi ne wani ɗan aiken ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, wanda Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya fito da muhimmancinsa a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da ya ba zomaye wani magani da ya sandarar da su, sannan ya farfaɗo da su da sinadarin da jiki ke ƙera dofamin da shi, binciken da ya buɗe ƙofar maganin ciwon makyarkyata na tsofaffi. Wambebe, tare da Farfesa Gabriel Osuide, wanda daga baya ya zama shugaban farko na hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993, sun bi diddigin rawar da dofamin ke takawa a sha'anin barci da farkawa, kuma da 'yan tsaki suka yi gwajinsu, saboda shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga abin da ke yawo a cikin jini bai gama ƙwari a jikin ɗan tsako ba, magani yakan isa inda ake so. Mai gaggawa zai ce ina ruwan talaka da barcin 'yan tsaki. Amma a irin wannan aiki ne malami yake koyon ladubban bincike, watau ya auna kafin ya yi hukunci, ya maimaita kafin ya gaskata, ya kuma yarda idan sakamako ya saɓa wa abin da zuciyarsa ke so.

Waɗannan ladubba su ne ya tafi da su Abuja lokacin da ya shugabanci Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Idu a shekarun 1990, inda ya fuskanci cutar da babu wata zuriya a ƙasar nan da ba ta san zafinta ba, watau amosanin jini, wanda ake kira sikila, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi kowace shekara a Nijeriya. Akwai wani mai maganin gargajiya daga ƙasar Yarbawa, Rabaran Paul Ogunyale, wanda yake da wani haɗi da yake bai wa masu wannan ciwo. Haɗin kuwa abubuwa huɗu ne, uku daga cikinsu babu uwargidan da ba ta san su ba a ƙasar Hausa, watau masoro, da kanumfari, da ganyen dawa, na huɗun kuma wani itace ne na kurmi ɗan'uwan madobiya. Abin da ya bambanta wannan haɗin gwiwa da waɗanda suka gabace shi shi ne, ba a karɓi sirrin mutumin aka sallame shi da godiyar baki ba. An rubuta yarjejeniya da shi tun kafin a fara, an yanka masa kaso a cikin abin da za a samu, kuma da aka fitar da takardar mallakar fasahar a Amurka a 1998, sunansa yana jere da sunayen farfesoshi. Haka kuma an bi matakan da ilmi ya shar'anta: aka gwada a dabbobi don a san iyakar da ba ta cutarwa, aka daidaita ma'auninsa a cikin ƙwaya, sannan aka gwada a majinyata ta hanyar da likita da majinyaci duk ba su san wa ya sha maganin gaske ba, wa kuma ya sha ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, don kada kyakkyawan zato ya gurɓata hukunci. Sakamakon da aka buga a 2001 ya nuna maganin, wanda aka sa wa suna Niprisan, yana rage yawan tashin ciwon, ko da yake majinyatan da aka gwada ba su kai 100 ba, masana kuma sun nemi a faɗaɗa gwajin.

Amma labarin bai ƙare da daɗi kamar yadda ya fara ba, kuma a nan ne wani darasin yake. An ba wani kamfani na Amurka mai suna Xechem izinin sarrafa maganin, aka ƙaddamar da shi a Abuja a 2006 da sunan Nicosan, iyaye suka fara saye suna sa rai. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya durƙushe saboda bashi, maganin ya ɓace daga kantuna, aka shafe shekaru kafin a sake damƙa shi ga wani kamfani na cikin gida. A duk tsawon wannan lokaci maƙalolin suna nan a ɗakunan karatu, ana ambatonsu, ƙidayar jami'a tana hauhawa, alhali uwar da ɗanta ke murƙususu da tsakar dare a Ƙafur ko Bakori ba ta da abin da za ta ba shi. Wannan ya isa hujja a kan cewa isnadin magani ba ya cika da malamai kaɗai. Yana bukatar mai masana'anta mai gaskiya, da hukuma mai sa ido, da ɗan kasuwar da zai kai shi har kantin ƙauye a farashin da manomi zai iya.

Alherin malami na ƙwarai kuwa ba ya tsayawa a kan magani guda, yana wucewa ga almajiran da ya yaye da abokan aikin da ya tara. A wannan cibiya ta Abuja an sami jama'a irin su Karniyus Gamaniel, wanda shi ma daga baya ya shugabance ta, da Ben Chindo, wanda ya zama farfesa a Jami'ar Jihar Kaduna, waɗanda suka juyo da hankalinsu ga itatuwan da masu maganin ƙasar Hausa suka daɗe suna sassaƙa saboda taɓin hankali da farfaɗiya da rashin barci, babba daga cikinsu shi ne gamji. A 2003 suka buga abin da suka gani na tasirin sassaƙen gamji a ƙwaƙwalwar ɓeraye, watau yana kwantar da su yana kuma tsawaita barcinsu. Daga nan bincike ya miƙa har Jami'ar Otago ta ƙasar Niyu Zilan, inda aka duba aikin wani rukunin sinadarai masu kumfa da ke cikin sassaƙen a kan jijiyoyi, ya kuma miƙa zuwa birnin Magdebag na Jamus, inda aka ƙara gwada shi a kan jijjigar da ake jawo wa dabba da gangan. Wannan abin alfahari ne, cewa itacen da ke tsaye a bakin kasuwanninmu ya zama abin muhawara a tsakanin malaman nahiyoyi uku. Sai dai wajibi ne in faɗa da babbar murya, gwajin dabba mataki ne na farko kawai, abin da ya hana ɓera jijjiga bai zama maganin ɗan Adam ba sai an san ma'auninsa da illarsa ga hanta da ƙoda da mai juna biyu. Don haka kada wani ya ji wannan sharhi ya ɗauki gatari ya nufi gindin gamji, balle ya dakatar da ƙwayar da likita ya ɗora ɗansa a kai.

Dalilin wannan gargaɗi shi ne, farfaɗiya tana da magani tabbatacce tun tuni, matsalarmu ita ce rashin isowarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kimanin miliyan 50 ne ke da wannan lalura a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba idan aka gane ciwon aka ba su maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta, uku cikin kowane huɗu ba sa samunsa, alhali ƙwayar finobabiton, wadda take cikin mafi arahar magunguna, tun 1912 aka san tana hana jijjiga. A ƙauyukanmu kuwa yaron da ke faɗuwa akan cire shi daga makaranta, a ware masa kwano, budurwa ta rasa manemi, saboda zaton cewa yawunsu yana yaɗa cutar, zaton da ba shi da asali ko kaɗan. Abin da ke haddasa ta sau da yawa sananne ne a wurinmu: tabon da sanƙarau ya bari a ƙwaƙwalwa, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, ko faɗuwa a babur. Wanda ciwon ya kayar, abin da yake bukata shi ne a janye shi daga wuta da ruwa, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko tsumma a baki, kada a turara masa hayaƙi. Addu'a da ruƙya ba su hana shan magani, neman magani kuma bai taɓa saɓa wa tawakkali ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ilminsa da nauyin jama'a da ke kansa, ya zauna ya wallafa risaloli a kan magunguna, har da ta ciwon basir, domin ya ɗauki lafiyar jiki a cikin maslahar da shugaba zai amsa tambaya a kanta.

Akwai kuma wata fitina da wannan ilmi yake da abin faɗa a kanta, ita ce ta ƙwayar tiramadol da ruwan kodin. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga cikinsu kuwa irin waɗannan magungunan kashe zafi suka sha ba da izinin likita ba; a watan Mayu na 2018 ne gwamnati ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ɗan ƙwadagon da ya haɗiyi ƙwaya mai ma'auni 225, alhali wadda aka halatta ba ta wuce 100 ba, don ya yi noman wuni bai ji gajiya ba, bai san cewa ba ƙarfi ta ƙara masa ba, kashe ƙararrawar da jiki ke bugawa ta yi, kuma idan ta yi yawa ita kanta takan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Ku ji wani abin al'ajabi da ya faru a maƙwabciyarmu Kamaru. A 2013 wasu masana na Faransa da Kamaru suka ba da sanarwar sun sami tiramadol a cikin saiwar tafashiya, duniya ta ɗauka cewa ashe itace yana ƙera abin da aka zaci sai masana'anta; a 2014 sai wasu masanan na birnin Dortmund a Jamus, tare da nasu abokan aikin na Kamaru, suka sake bin sawu, suka tarar ana samun sinadarin ne a arewacin ƙasar, har a cikin ƙasa da ruwa da saiwoyin wasu itatuwan dabam, a yankin da manoma ke shan ƙwayar suna kuma bai wa shanun huɗa, tana fita ta fitsari tana shiga ƙasa. Wannan ya nuna fa'idar malamai su riƙa bin bayan juna da gyara, ya kuma nuna cewa ba a warware mas'alar ba sai da aka je aka tambayi manoma abin da suke yi.

Mu mutanen wannan yanki muna da haƙƙi na musamman a cikin wannan magana, domin ƙasarmu ta taɓa zama makarantar da duniya ta yi karatu a cikinta. A shekarun 1970, tun Katsina ba ta zama jiha ba, Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful suka kafa shirin binciken cututtuka a Malumfashi, aka ƙirga gidaje, aka auna jini da fitsari, aka bi diddigin zazzaɓi da tsargiya da sanƙarau da saran maciji, har da kumurcin da ke tofa dafi a ido, aka buga jerin maƙaloli masu ɗauke da sunan Malumfashi waɗanda har yau ake karantawa. A wancan zamani ne Brian Greenwood ya shafe kimanin shekara 10 a Zariya yana nazarin sanƙarau, David Warrell yana nazarin dafin macizai, Murray Last kuma ya zauna a cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi yana rubuta yadda Bahaushe yake fahimtar cuta da magani. Dukansu sun zama manyan malamai da duniya ke ji da su. Ba za a ce ba a sami komai ba, domin sanin da aka tara a kan sanƙarau a wannan yanki na Afirka yana cikin harsashin allurar rigakafin da aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011, ta kuma karya lagon nau'in cutar da ya fi yi mana ɓarna. Amma mafi yawan abin da aka rubuta a kanmu da Turanci yake, a ɗakunan karatu na nesa, jikokin waɗanda suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu ba su taɓa jin abin da aka gano ba.

Idan kuwa aka yi sakaci da amana, cutarwar takan wuce zamanin waɗanda suka yi shi. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, gwajin da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a fahimtar da su cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Masu nazari da dama sun lissafa wannan al'amari a cikin dalilan da suka sa jama'a suka juya wa rigakafin shan inna baya a 2003, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka ɗauki nauyin.

Bisa ga haka, jama'a, ga abin da nake ganin ya wajaba. Malamanmu na Zariya da Katsina da Dutsin-ma da Kaduna, idan sun zo karɓar ilmin tsiro daga masu maganin Danja ko Ƙanƙara, su zo da takardar yarjejeniya irin wadda aka rubuta wa Ogunyale, a karanta wa mutum ita da harshensa, a sa sunansa inda ya cancanta. Idan kuma bincike ya kammala, ko ya tabbatar da amfanin tsiron ko ya kore shi, su komo su faɗa da Hausa, a rediyo da ranar kasuwa, a rubuce da boko da ajami, domin sanar da mutane cewa wani jiƙo yana lalata ƙoda hidima ce da ba ta gaza gano sabon magani ba. Masu maganin gargajiya su kuma su rubuta abin da suka gada kafin ya bi su kabari, su kuma san iyakarsu, su tura mai jijjiga da wanda feshi ya kama asibiti ba da jinkiri ba. Hukumomin lafiya na jiha da ƙananan hukumomi su tabbatar maganin farfaɗiya da allurar atirofin ba su yankewa a manyan asibitocin Funtuwa da Malumfashi da ƙananan asibitocin karkara, domin mai farfaɗiyar da aka ɗora a kan ƙwaya sannan ta yanke masa farat ɗaya yana cikin haɗarin da ya fi na da. Malaman gona kuma su haɗa koyar da kariyar jiki da koyar da feshi. Attajiranmu na hatsi da auduga, waɗanda Allah Ya buɗa wa ta hanyar gumin manomi, su tuna cewa wakafi bai taƙaita ga gini ba, ɗaukar nauyin yaro ɗan Bakori ko yarinya 'yar Malumfashi su karanci wannan fanni har su ƙware sadaka ce mai gudana, kuma ilmin magani farilla ce ta kifaya, wadda idan al'umma ta rasa mai tsaya mata da ita, laifin yana kan kowa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa malaman da suka yi aiki da gaskiya da alheri, Ya kuma ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu.